Maɗin mepul ya yi fumfuna, ga juna biyu: a kwashe, a tafasa, ko a zubar?

Ƙanwata ce ta kira ni ta bidiyo daga Kano, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta kara bakin wata kwalba a jikin wayar. "Yaya, dubi abin nan da kika kawo mana." Maɗin mepul ne da na kai musu tsaraba daga Ottawa, babban birnin Kanada, lokacin da na je gida Sallah. A samansa wani abu ya shimfiɗu kamar yanar da kunu ke yi in ya huce, fari-fari, da ɗigon kore ta gefen kwalbar. Cikinta wata huɗu ke nan, laulayi ya raba ta da kowane abinci sai kunun gyada, shi ma sai da zaƙi, kuma wannan maɗin ne bakinta ya karɓa. Abin da ya fi ɗaga mata hankali, shekaranjiya da dare ba wuta ta tsiyaya a kofi ta sha, ba ta leƙa cikin kwalbar ba.

Ina jiyo muryar Umma daga bayanta: "Miƙo nan in kwashe na saman in ɗora sauran a wuta. Me wuta ta bari?" Maigidan ƙanwar tawa tun da safe ya ce a zubar, ya fita kasuwa abinsa. Ita kuma zuciyarta na raya mata ta ɗebe wurin da ya ɓaci da cokali ta ci gaba da sha, tunda a ido na ƙasan garau yake. Duk wadda ta taɓa buɗe irin wannan kwalba ta tarar da fumfuna, a Kano take ko a Montreal, cikin ukun nan za ta ɗauki ɗaya.

Ga wadda ba ta san shi ba, jan ganyen nan da ke tsakiyar tutar Kanada na bishiyar mepul ne. A ƙarshen hunturu, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da dare ke daskarar da komai rana ta narkar, ake huda jikin bishiyar ruwanta ya riƙa ɗiga. Ruwan kusan salam yake, sukarinsa wajen kashi 2 ne cikin 100, sai an ƙone kimanin lita 40 a kan wuta kafin a sami lita 1. Wanda ya taɓa ganin dahuwar ruwan rake a Maƙarfi ya gane aikin. Masu mazarƙwaila suna ci gaba da iza wuta har ya daskare, su kuwa waɗannan suna saukewa yana ruwa-ruwa, da zarar sukari ya kai kashi 66. Shi ya sa yanzu nake kiransa maɗi, na daina ce masa zuma. Lardin Kebek kaɗai ke fitar da wajen kashi 70 cikin 100 na wanda duniya ke sha, kuma suna ji da shi har rumbun ajiya suka yi masa. Tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi suka yashe kusan tan 3,000 daga cikin ajiyar, na kimanin dalar Kanada miliyan 18. Abin da ake fasa rumbu a sata, ba mamaki in uwa ta ƙi yarda a tuttular da shi a kwata.

Kuskuren farko nawa ne. Da zan miƙa musu cewa na yi "ga zumar Kanada", su kuma suka yi masa ajiyar zuma, kan kanta kusa da gwangwanin madara, cikin zafin Kano. Zuma tana jure wannan don ruwan da ke cikinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, ga ɗan tsami ɓoye a ƙarƙashin zaƙinta, ga wani sinadari daga jikin ƙudan zuma da ke hana ƙwayoyin cuta sakat. Maɗin mepul kuwa kashi ɗaya cikin uku ruwa ne, ba shi da wannan tsamin, na ainihin kuma ba a zuba masa maganin hana lalacewa. Abin da ke tsare shi a shago shi ne an ɗura shi da zafinsa, digiri 82 ko sama da haka, aka rufe ruf. Ranar da kika murɗe murfin, ranar tsaron ya ƙare. Ƙwayoyin fumfuna da ke yawo a iska su faɗa ciki, gumin da ke taruwa a ƙarƙashin murfi ya ɗiga ya sirka saman, in kuma an taɓa zura jiƙaƙƙen cokali, an gama yi musu shimfiɗa. Akwai dangin fumfuna da ba sa neman ruwa mai yawa, sukari mai kauri ma wurin zamansu ne.

Amma ki fara tabbatar da fumfunar ce. Ƙanƙarar sukari da ke taruwa a gindin kwalba kamar fasasshen gilashi ba lalacewa ba ce, in kika tsoma kwalbar a ruwan ɗumi za ta narke. Haka ɗan laka-lakan da ke kwanciya a ƙasa, ma'adinan ruwan bishiyar ne da suka tsallake tata. Fumfuna a sama take iyo, ko ta lafe a wuyan kwalba da cikin murfi, fara ko toka-toka, kore, ruwan ƙasa ko baƙa, wani lokacin da gashi-gashi. In kuwa kin buɗe kin ji "fus", ko kin ga kumfa, ko yana tsami da warin ruɓaɓɓen rake, ko yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, ruwa ba ya tsami banza, wannan ba ya cikin abin da ake gardama a kai, zubarwa ake yi. Kada ki kafa hanci a bakin kwalbar don ki tabbatar. Ƙurar fumfuna na tayar da atishawa da asma, ido ya wadatar.

Kwashewa da cokali a ci gaba da sha ita ce hanyar da ta fi saurin faɗuwa. Abin da ido ke gani kan fumfunar ne kawai, tana da zaruruwa sirara da ke sauka ƙasa, kuma duk abin da ta fitar narkewa yake yi ya bi ruwan. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta raba abinci gida biyu a wannan batu. Mai tauri kamar karas, kabeji da busasshen cuku, za a iya yanke wurin da ya ɓaci a haɗa da santimita 2.5 na kewayensa a ci sauran. Mai laushi ko mai ruwa kamar burodi, jam, markaɗaɗɗiyar gyada da dafaffen abinci, zubarwa ake yi gaba ɗaya. Maɗi ya fi duk waɗannan ruwa, kuma duk sanda aka karkata kwalbar za a tsiyaya, na sama da na ƙasa sun gaisa. Ko tsofaffin masu sana'ar ba su tsaya a kwashewa kawai ba, sai sun haɗa da wuta.

Hanyar Umma ita ce ta cancanci a zauna a kanta, don ba maganar jahilci ta yi ba. Shekara da shekaru abin da ake faɗa wa mutane ke nan a Kebek da jihar Vermont ta Amurka: kwashe na saman, tafasa sauran, tace da ƙyalle mai tsabta, ɗura a wankakkiyar kwalba. Har gobe in kika tambayi dattawan da suka tashi a gonakin mepul, da yawa haka za su ce miki, su ƙara da cewa sun yi hakan duk rayuwarsu ga su nan garau. Kuma gaskiya ne wuta tana kashe fumfuna. Inda maganar ta karkace shi ne fumfuna daban, dafin da wasu irinta ke fitarwa daban. Kin kashe kunama bayan ta yi harbi, raɗaɗin yana nan. Yawancin irin wannan dafi ba ya rushewa a zafin tukunyar gida, maɗin kansa a wajen digiri 104 yake tafasa, bai isa ba. Tafasawar ma ruwa take ƙonarwa, abin da ya narke a ciki yana nan bai je ko'ina ba. Ƙyallen tata kuwa guntayen fumfuna yake tarewa, narkakken abu ya bi ruwa ya wuce.

Abin da ya sauya tunanin masana shi ne aikin da masu bincike na Jami'ar Maine ta Amurka suka yi. Sun tattaro kwalaben maɗin da suka yi fumfuna suka duba, suka tarar ba iri ɗaya ba ce, dangi-dangi ce, ciki har da dangin Fenisiliyam da na Asfajilas, kuma wasu daga cikinsu na iya fitar da dafi. Daga nan shawarar ta koma a zubar. Ɗaya daga cikin sinadaran ya shafi mai juna biyu kai tsaye, ana ce masa maikofenolik. Shi ne dai likitoci suka sarrafa ya zama maganin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, don ya danne garkuwar jiki kada ta ƙi sabuwar ƙodar. An hana mai ciki wannan magani don yana jawo ɓari, yana kuma taɓa halittar kunne, leɓe da zuciyar ɗan tayi.

Da na faɗa wa ƙanwata wannan sai na ga idonta ya kawo ruwa, na yi maza na ƙarasa mata zancen. Mai dashen ƙoda wajen giram 2 yake haɗiya kullum, wata da watanni. Abin da ɗan tabon fumfuna zai tsatsa a saman kwalba mitsitsi ne a kan wannan, ko kusa ba za a haɗa ba, ballantana abin da ya faɗo cikin cokali biyu na kunu. Maganganun biyu duk gaskiya ne, kuma dole a riƙe su tare. Wadda ta riga ta sha ba ta da dalilin firgita. Wadda ta gani da idonta ba ta da dalilin ƙarawa. Abin da ya sa ban bar ƙofa ga tafasawa ba shi ne ido ba ya bambanta mai dafi da marar dafi. Launi ba shaida ba ne, fara na iya zama mugu, kore na iya zama salihi, sai a ɗakin gwaji ake rarrabe su. Ga kuma wani ƙaramin abu da masu tafasawa ba sa faɗa: ɗanɗanon ba ya dawowa daidai, yakan riƙe warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Hancin mai laulayi da ke jiyo suyar albasar maƙwabta ta katanga ba zai rasa shi ba.

Babba mai ƙoshin lafiya da ya ji duk wannan ya ce shi dai zai tafasa abinsa, cikinsa ne. Ni na daina. Mai ciki, ƙananan yara, mai asma, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su kam ba da su ba.

Zubarwa ita ce mai ciwo, kuma da muka tona, can ne ainihin gardamar Umma take. Ba dafi ya dame ta ba. "Abin da aka ɗauko tun daga wata uwa duniya, rabin kwalba, a zubar? Almubazzaranci fa haramun ne." Na ce, "Umma, ai almubazzarancin tun ranar da aka bar shi kan kanta aka yi shi, kuma ni ce ban yi bayani ba. Yanzu gawa ce kawai ake jayayya a kanta." Ta yi dariya, ba ta dai sallama ba tukuna. Abin da ya sa ta sallama lissafi ne mai sauƙi. A gefe ɗaya kuɗin rabin kwalba. A ɗaya gefen wata biyar da suka rage, waɗanda duk ranar da yaron ya yi shiru a ciki, duk ranar da mara ta ɗan murɗa, zuciyar ƙanwata kan kwalbar nan za ta koma. Ko da tafasasshen maɗin bai yi mata komai ba, waswasin zai yi. Umma ta haifi takwas, ta san wannan zaman zullumi fiye da mu.

In za a zubar, a zubar ɗin da gaske. Kada a ce a ba yara, ko mai aiki, ko almajirin da ke zuwa da rana. A ƙulle a leda a kai bola. Kwalbar gilashi za a iya wanke ta da sabulu da tafasasshen ruwa a mora, ta roba gara ta bi maɗin.

Wadda ta riga ta sha, yawanci ba abin da za ta ji, in ya yi yawa tashin zuciya ko ɗan ɓacin ciki na yini guda. Abin da na fi jin tsoro ma ba maɗin ba ne, "maganin" da za a kawo mata ne. Kada ta zura yatsa don ta yi amai, kada a ɗura mata manja, kada a jiƙa mata sassaƙe wai don wankin ciki, kada kuma a aika kemis a sayo kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa. Tetirasaikilin ne, ba ruwansa da dafin fumfuna, kuma yana taɓa haƙora da ƙashin ɗan da ke ciki. Ta sha ruwa, ta ci abincinta, ranar awo ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya ko likita. Abin da ba ya jiran ranar awo shi ne amai ko gudawa da suka ƙi tsayawa, zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, ganin jini, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, sai kuma raguwar motsin yaro ga wadda cikinta ya kai ta saba jin motsi. Waɗannan asibiti ake tafiya da su ko an sha maɗi ko ba a sha ba. Abincin da likitocin masu ciki suka fi kaffa-kaffa da shi ma wani ne daban: madarar da ba a tafasa ba, cuku mai laushi da aka yi da ita, naman da bai gama dahuwa ba, saboda ƙwayar listeriya da ire-irenta, wadda mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ita wajen ninki goma.

Saura abin da za a sa a kunun. In bakinta mepul ɗin yake so, sabuwar kwalba ba ta da laifin komai ga mai ciki, an riga an tafasa shi tun a gona. Sai dai a duba ajiya. A firji mai aiki yana kai watanni, har kusan shekara. A firiza ya fi daɗewa, kuma ba ya zama ƙanƙara saboda yawan sukari, kauri kawai yake ƙarawa. Na gwangwani, irin mai mililita 540 da ake sayarwa a Kebek, da an fasa a juye shi a kwalbar gilashi mai murfi. A unguwar da wuta ke zuwa yau ta ɗauke kwana uku kuwa, firji akwati ne kawai, don haka ƙananan kwalabe sun fi babba, a buɗe ɗaya a shanye cikin sati ɗaya ko biyu, a riƙa tsiyayawa maimakon zura cokali, a goge bakin kafin a rufe. Gindin randa da Umma ta kawo shawara yana da sanyi, amma yana da laima, abin da fumfuna ke nema ke nan.

Akwai wani mai araha da ke kama da shi a manyan shaguna, wanda ake zuba wa fankek. Wannan ruwan sukarin masara ne da kala da ƙamshi da maganin hana lalacewa, shi ya sa yake zama kan kanta bai damu ba. Ba zai cutar da ciki ba, ba kuma zai ƙare shi da komai ba. Zuma ta gaskiya ita ta fi dacewa da yanayinmu, don ba ta neman firji, kuma mai ciki na iya shanta lafiya lau. Sharaɗi biyu ne a kanta. A samo ta hannun wanda aka yarda da shi, don wadda aka sirka da ruwan sukari ita ma tana kumfa ta yi tsami. Sannan in Allah ya sauke lafiya, kada a lasa wa jariri sai ya cika wata 12, saboda hanjinsa bai yi ƙwarin da zai danne wata ƙwayar cuta mai shanye jiki da kan ɓuya a zuma ba, ko da yake na san gidaje da yawa da zuma ake buɗe bakin jariri. Dabino kuwa, a jiƙa a markaɗa a zuba a kunu a sha a ranar, shi na fi so mata, don yana taimaka wa mai fama da taurin bayan gida. A dai tsaga kowanne a duba, wani za ki tarar da baƙin gari a cikinsa, ita ma fumfuna ce. Dukkansu sukari ne: babban cokali na mepul wajen giram 12 zuwa 13, na zuma wajen 17. Wadda gwajin da ake yi wa mai ciki a sati na 24 zuwa 28 ya nuna sukarinta ya hau, ba wanda ya zame mata mafaka a cikinsu.

Muna shirin sallama na tambaye ta da wace gyada ake dama mata kunun. Ta ce markaɗaɗɗiya ake sayowa a kasuwa. Nan na ce ashe mun bar jaki muna dukan taiki. Fumfunar da ta fi cancantar tsoron mai ciki a ƙasarmu ba a kwalbar Kanada take ba, a gyada da masarar da ba su bushe da kyau ba take. Dafinta afulatoksin, yana cin hanta, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankararta, yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, kuma binciken da aka yi a Gana da Gambiya ya danganta yawansa a jinin uwa da haihuwar jariri marar nauyi da jinkirin girma. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Don wannan dafin cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani magani mai suna Aflasafe da manoma ke watsawa a gona. Dafin shi ma suya da dahuwa ba sa gamawa da shi. Maɗin sau ɗaya ta sha a duhu, kunun kuwa kullum ne, kuma markaɗaɗɗiyar kasuwa ba wanda ya ga irin ƙwayar da aka zuba a inji.

Washegari ta sake kira, ta juya mini wayar. Umma ce zaune kan tabarma da faifai, ta sa an auno gyada tsaba, tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, tana ware motsattsu da fasassu da masu baƙin tabo a murfin kwano. Kwalbar mepul ɗin kuma an wanke ta tas an kife a rana, wai man shanu za a zuba. Ta ɗago murfin kwanon ta nuna mini. "To waɗannan ai sai a watsa wa kaji ko?" Na ce a'a Umma, ai a jikin tsuntsaye aka fara gano dafin, a 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyada daga Brazil. Ta yi shiru tana kallon murfin. Can ta ce wa ƙanwata, "Ke, kashe wayar nan, kafin yayarki ta ce mu zubar da faifan."